Doki 25 a Cikin Duro

Da aka zo rabon gadon Kawu babu wanda ya ambaci injin. An raba gida, an raba gonar fadama, har tarunan da ɓeraye suka gama da su sai da aka yi musu kuɗi, amma abin nan da ke jingine a kusurwar zaure, naɗe cikin buhuna da tsohuwar raga, kowa tarkace ya ɗauke shi. Haka ya ci gaba da zama a wurin, kaji suna yin ƙwai a gindinsa. Sai a ƙarshen 2023, da na je Yawuri ta'aziyyar wani ɗan'uwa, na tarar da 'yan gwangwan biyu a ƙofar gida da sikelinsu, suna ciniki da Inna a kan kilo. Da na makara da rabin awa, da yanzu injin Kawu ya zama tukunya ana dafa shinkafar biki a ciki.

Na ce, "Inna, ki bar mini shi, zan ba ki abin da suka taya."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai kuma me za ka yi da shi? Jirgi gare ka?"

Ba ni da jirgi. A Kaduna nake zaune, kuma rabon da in riƙe filafili tun ina makarantar horon malamai. Tambayar nan ta Inna ta bi ni har wata bakwai. Direban da ya ɗaure mini shi a bayan mota ya yi mini ita, uwargida ta yi, maƙwabta suka ɗora. A wurinmu mutum ba ya gyara abu don gyaran kawai. Ko mai kiwon tantabaru, wanda kowa ya san sha'awa ce ke ɗibarsa, in ka matsa masa sai ya ce ai yana sayarwa. Ni kuwa ba ni da wata hujja, illa dai na yi ritaya daga koyarwa, hannuna yana ƙaiƙayi, ga kuma ƙarar wannan inji tana cikin kunnena tun ina ɗan shekara 13. Alkawari ɗaya na yi wa uwargida: duk abin da zan kashe ba zai wuce kuɗin tunkiya matsakaiciya ba. Ta ce ta ji, za ta riƙa rubutawa.

Evinrude ne, mai ƙarfin doki 25, silinda biyu, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai kamar tsohuwar Vespa ko ƙaramin janaretan nan na masu shago. Shuɗin fentinsa ya koɗe ya koma launin toka. Da na kankare ɗan faranti da ke jikin maƙalarsa sai na ga an rubuta Belgium, na yi dariya ni kaɗai. Yau in aka ce kaya ɗan Baljiyam ne, ana nufin kwance ne, wani ya ci ya rage. Wannan kuwa a can aka haɗa shi, a masana'antar da kamfanin ke da ita a garin Buruj, kuma sabo fil Kawu ya saye shi a 1975, shekarar da kuɗin ƙarin albashin Udoji suka cika gari, ma'aikata suna cin kifi kamar ba gobe, masunci ma ya ga ranarsa.

Amma ba Udoji kaɗai ya sa Kawu sayen inji ba. Ruwan ne ya canza a ƙarƙashinsa. Kogin da ya tashi ya sani, mai tsibirai da duwatsu da mashigai, wanda mutum ke haye shi da filafili kafin tuwo ya huce, an tare shi a Kainji tsakanin 1964 da 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya shanye tsohuwar Bussa, ya shanye gonakin albasa na Gungawa, aka tashi mutane wajen 44,000 aka kai su sababbin garuruwa masu gidajen siminti. A wurare masu faɗi, in kana tsakiya ba ka ganin gaɓa sosai, kuma in iskar hunturu ta taso igiyar ruwa takan yi tsayin da dattawanmu ba su taɓa gani ba. Kifi ya yi yawa a shekarun farko, Sarkawa da wasu masunta suka yi ta kwararowa daga nesa, amma kifin yana can nesa da kasuwa, shi kuwa ba ya jiran mai tuƙi da hannu. Wanda ya riga isa bakin ruwan Yawuri da giwan ruwa ɗanye shi ke yanka farashi. Wanda ya iso da la'asar sai dai ya banɗa. Ga kuma fetur, a lokacin lita ba ta kai kwabo goma ba.

Ina tuna ranar da aka fara ɗaura shi. An ƙara wa bayan jirgin katako mai kauri, Kawu ya naɗe hannun riga, ya ja igiya sau biyu, a na uku abin ya yi gurnani, yara suka watse da gudu. Wani tsoho ya ce wannan ƙara za ta kori kifi har Jabba. Bayan shekara biyu shi ma ɗansa ya sayi nasa.

Daga baya, a wajen karance-karance, na san cewa mutumin da sunansa ke jikin hular injin, Ole Evinrude, ɗan Norwe ne da iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka yana yaro, kuma a 1909 ya fara ƙera injinsa a garin Milwaukee, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Ana ba da labari cewa budurwarsa ce ta yi kwaɗayin askirim a wani tsibiri, ya tuƙa jirgi ya sayo, kafin ya dawo ya narke. Ko gaskiya ne ko ƙawa ce ta 'yan talla, labarin ya yi mini daɗi, don damuwarsa da ta Kawu ɗaya ce: abu mai lalacewa a cikin jirgi, rana a sama, gaɓa da nisa.

Na kafa injin a jikin wani benci a tsakar gida. Abu na farko da na yi shi ne na kama filawil, wato faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke samansa, na gwada juyawa. Na sa rai zan ji shi a daskare kamar dutse, don injin da ya shekara talatin da ɗoriya a ajiye, fistin kan manne da silinda, tsatsa ta ɗinke su. Ya ɗan yi gardama, sannan ya motsa. Da na kwance fulogi sai na ga dalili. An ɗura baƙin mai ta ramukan biyu kafin a mayar da fulogin, an cusa tsumma mai mai a bakin kafireto, an kuma tsiyaye fetur ɗin da ke ciki. Wanda ya yar da abu ba ya yi masa haka. Kawu ajiye shi ya yi, da niyyar dawowa. Na zauna a kan turmi na daɗe ina kallon tsumman nan, wani yanki ne na tsohuwar rigarsa mai ratsi da na sani.

Wani abin da ya taimaka shi ne ruwanmu ba shi da gishiri. Injin da ya yi aiki a Legas ko a Neja Delta, gishiri kan cinye hanyoyin ruwan da ke cikinsa ya kuma kafe kusoshi, har sai an sa wuta. Nawa da kananzir da haƙuri yawancinsu suka saki. Matsalar da ban zata ba ita ce ta sifana. Duk sifanun da ke gidana da na makanikan unguwa lamba 10 ne, 12, 13, 14, ma'aunin milimita, shi kuwa wannan da ma'aunin inci aka yi shi irin na Amurka. Lamba 13 takan kusa kama mai rabin inci, amma kusa ɗin nan ita ke gurje kan noti. Sai da na yi yini biyu a kasuwar Fanteka ina tonon tsofaffin ƙarafa kafin na haɗa sifanu huɗu da nake bukata, kowace daga uwa daban.

Na yi sati uku ina fama da filawil ya ƙi fita. Jikana, ɗan aji biyar a sakandare, wanda ba ya barin wasan kakanni ya wuce shi, ya ce, "Tsoho, ka bar wahalar da kanka, komai yana YouTube." Ya nuna mini wani Bature a cikin garejinsa mai tsabta kamar asibiti, yana cire irin wannan filawil da wani ƙarfe na musamman mai kusoshi uku. Na kalli bidiyon ya fi sau goma, kuma ba zan raina shi ba, da shi na zana wa mai walda abin da zai haɗa mini. Amma Baturen nan in ya ga wani abu ya lalace, aljihun tebur yake ja ya ɗauko sabo a cikin leda. Ni ba ni da wannan aljihun.

Wanda ya cike mini giɓin wani dattijo ne a bakin ruwan Yawuri, wanda tun ina yaro yake gyaran injinan jirgi a ƙarƙashin rumfar kwano. Yanzu idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa sun koma gyaran babur don nan kuɗi yake. Aka ba ni lambarsa. Da na gaya masa injin wane ne, ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan mai shi. Ai ni na sa masa kwandansa na ƙarshe. Na babur ne, ka duba za ka ga na lanƙwasa kunnensa." Na duba, ga kunnen a lanƙwashe.

Daga ranar kusan kullum bayan isha'i sai na kira shi. Ya hana ni dukan filawil da guduma. Ya ce in goge kwantak da samfefa mai laushi har ya yi ƙyalli, in buɗe tsakaninsa daidai kaurin kwalin ashana. Da na duba a littafin kamfani da jikana ya sauko mini da shi, rabin milimita aka rubuta. Na auna kwalin ashana, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ya ce in kashe fitila in ja igiya in duba wuta a bakin fulogi. "In shuɗiya ce mai ƙara tas, Malam, ka gode wa Allah. In ja ce kamar garwashin da ya kwana, kwayil ya gaji." Ɗaya ta ba da shuɗiya, ɗaya ta ƙi ba da komai. Kwayil ɗin ya tsattsage kamar dugadugan manomi a hunturu.

A nan ne na fara fahimtar irin abin da ke gabana. Inji irin wannan abu uku yake nema, wuta da mai da matsi, kuma kowanne a cikinsu mutum yana iya gani da ido ko ya ji da yatsa. Ka toshe ramin fulogi da babban yatsa a ja igiya, in ya ture yatsan da ƙarfi to zobban fistin suna da rai. Ka buɗe kafireto, kusoshi kaɗan ne, ka ga fulot da allura da ɗan ramin jet wanda tsohon mai ya toshe da wani abu kamar ƙaro. Na jiƙa shi kwana biyu, na bi ramin da silin waya guda, na hura. Gaskit ɗin da ya yage na ɗora a kan takarda mai kauri na zana na yanke da reza. Babu wani baƙin akwati da aka liƙe da aka ce kada a taɓa. Wanda ya tsara shi ya san cewa wata rana zai mutu a tsakiyar ruwa, kuma wanda ke cikin jirgin ba injiniya ba ne. Motar da ɗana yake hawa yanzu, in ta yi tari sai an kawo mai kwamfuta ya tambaye ta abin da ke damunta. Na san ba ta kai tsohuwar Peugeot ɗina shan mai ba, ta kuma fi ta lafiya a hanya, ba na musu. Amma ɗana bai taɓa ganin cikinta ba, kuma ba zai gani ba.

Ƙafar injin, wato ɓangaren da ke shiga ruwa, ita ta fi ba ni labarin Kawu. Da na kwance kusar man giya, abin da ya fito fari ne kamar kunun gyaɗa, alamar ruwa ya shiga. Da na cire farfela sai ga dalilin: zaren raga na nailan ya naɗe a jikin sandar, ya ci robar da ke tare ruwa. Duk mai jirgi a tafkin nan ya san wannan ciwo, don ruwan cike yake da ragar da aka kafa da wadda ta tsinke take yawo. Sai kuma fil. Farfelar irin wannan inji ɗan guntun ƙarfe ne ke riƙe ta da sanda, an yi shi da gangan don ya karye in farfela ta daki wani abu, kafin dukan ya kai ga haƙoran giya. A Kainji kuwa abin duka ba ya ƙarewa, domin itatuwan da ruwa ya shanye a 1968 da yawa suna nan tsaye a ƙasa, musamman in ruwa ya ja baya kafin zuwan farin ruwa na damina. A gurbin fil ɗin Kawu, guntun ƙusa na samu, an yanke ta da zarto an daddaƙe bakin. Na gaya wa dattijo, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kowa haka yake yi. Fil na kamfani ya ƙare a kasuwa, mutum zai zauna ne? Sai dai ƙusa ba ta san lokacin da ya kamata ta karye ba." Haƙori ɗaya na giyar gaba ya ɗan ɓantare, amma yana kamawa.

Kan fistin kuma kunkunniya ce ta yi kauri kamar gindin tukunya. Kamfani ya ce a zuba baƙin mai kashi ɗaya cikin fetur kashi 50, wato rabin lita a jarka mai lita 25, kuma mai na musamman da aka yi don injin ruwa. Kawu da gwangwanin madara yake awo, uku a jarka, wanda kusan daidai ne, amma man mota yake zubawa don shi ake samu, wani lokaci ma ya ƙara rabin gwangwani don tausayin inji. Duk tausayin nan na kankare shi da cokali.

Abin da ya kwantar da injin a ƙarshe ƙaramin abu ne. A cikin ƙafar akwai wata roba mai 'yan fukafukai, ba ta fi tafin hannun jariri ba, ita ke tura ruwa sama ya sanyaya silinda. Ta Kawu fukafukanta sun karye saura biyu. Inna ta ce ta tuna, a shekarun da aka shiga matsin tattalin arziki na SAP ne, bayan 1986, Naira ta faɗi, kayan gyara na Amurka suka yi tsada suka kuma ɓace. A lokacin Yamaha ya riga ya mamaye bakin ruwa, musamman samfurin Enduro da aka yi don aikin wahala na yini guda a ruwa mai laka, kuma kayan gyaransa suna ko'ina. 'Yan kasuwa suka bi inda ciniki yake. Kawu ya aika Anacha sau biyu ba a samo ba, sai ya ɗura wa injinsa mai, ya naɗe shi, ya ce sai kaya sun sauko. Ya koma haya a jirgin wani. Kamfanin da ya yi injin ma bai tsira ba: ya durƙushe a Disamban 2000, wani kamfanin Kanada ya sayi sunan, shi ma a watan Mayun 2020 ya sanar da daina ƙera Evinrude gaba ɗaya.

Abin mamaki, robar da Kawu ya nema ya rasa a lokacin da kamfanin ke raye, ni na same ta bayan ya mutu. Akwai masu ƙera irin waɗannan kayan don masu sha'awar tsofaffin injina a Turai da Amurka, inda abin ya zama wasan dattawa masu lokaci, har da ƙungiyoyi da taruka. Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Ingila ya sayo mini ita tare da kwayil da robobin giya da fil guda, ya ba wani mai dawowa gida ya riƙo mini a aljihun jaka. Kafin wannan na riga na yi asara sau ɗaya: wani mai shago ya rantse mini cewa wata roba da ya ba ni za ta shiga, ta shiga kuwa, amma ta yi sako-sako kamar takalmin aro. Uwargida ta rubuta wannan ma a littafinta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Da ta ga wata biyar sun wuce babu ko tari, sai ta fara cewa, "Malam, in ba ƙira me ya ci gawayi?"

Dattijo ya gargaɗe ni kada in kuskura in tayar da shi a busashe, ko na minti ɗaya, don robar za ta ƙone. Sai na sayi duro na yanke bakinsa, na cika da ruwa, na rataya injin a ciki. Ranar wata Asabar da safe na matsa ƙwallon tiyo har ya yi tauri, na ja cok, na ja igiya. Shiru. Na ja har kafaɗata ta fara ciwo, jikana yana ƙirgawa da ƙarfi don ya ba ni haushi. A na goma sha bakwai ya yi atishawa. Na mayar da cok, na sake ja, sai gidan gaba ɗaya ya ɗauka. Shuɗin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, ruwan duro yana tafasa, awakin maƙwabta suka tsinke. Na sa hannu a bayan ƙafar na ji feshin ruwa mai ɗumi yana fita tare da hayaƙi, alamar famfo yana aiki. Na kira dattijo na kara wayar a jikin inji ban ce komai ba. Ya saurara, ya ce, "Silinda biyu duk suna ci. Amma ka ɗan rage masa mai, yana shaƙewa." Daga Yawuri, ta waya, da kunne.

Da na kashe shi na leƙa cikin duron, sai na ga mai yana yawo a saman ruwa, launi-launi kamar bakan gizo. Irin waɗannan injina wajen kashi ɗaya cikin huɗu na man da suke sha ba sa ƙona shi, ta salansa yake fita ya shiga ruwa. Dalilin da ya sa ke nan Amurka ta kafa dokokin da suka kore su daga kasuwarta sannu a hankali tsakanin 1998 da 2006. Ina yaro ban taɓa lura da wannan ba, tafki yana da faɗi, yana haɗiye komai. A duro babu inda zai ɓuya. Na rasa inda zan zubar da ruwan, daga ƙarshe na haƙa rami a bayan gida nesa da rijiya. Na so in ce komai na da ya fi na yanzu, amma ruwan duron nan ya hana ni.

Lissafin uwargida ya nuna na wuce kuɗin tunkiya da kaɗan, ta ce za ta yafe tunda abin ya yi ƙara. Lissafin da ya fi tayar mini da hankali wani ne daban. Inji mai doki 25 in an buɗe masa wuta yana shan lita tara zuwa goma a awa. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Ni da nake tayar da shi minti biyar ranar Asabar don in ji daɗi, ban ji komai ba. Amma da na mayar da shi Yawuri don in gwada shi a ruwan gaske, na ga abin da lissafin yake nufi. Jirage da yawa suna ɗaure a gaɓa ba inji a bayansu, an cire an kai gida. Samari suna fita da filafili kamar kakanninsu kafin a yi dam, sai dai ruwan ba na kakanninsu ba ne, kifin ma ya ragu. Masu jigilar 'yan kasuwa kuwa ba sa tashi sai jirgi ya cika ya batse, don a fitar da kuɗin mai. Kowa a nan yana tuna jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayun 2021 da mutane fiye da ɗari a ciki, tun ma kafin mai ya yi wannan tsada, amma tunawa ba ta rage ko buhu ɗaya daga lodi.

Na ji kunya kaɗan, ba zan ɓoye ba. Ga ni ɗan fansho daga birni, na zo da abin wasana a bayan mota, abin da a hannun Kawu abinci ne da kuɗin makarantar yara, har da nawa. Wani matashi da ke taya ni saukewa ya tambaye ni ko na sayarwa ne. Da na ce a'a, ya ce, "To Baba, na mene ne?" Har yanzu ban samo amsar da za ta gamsar da mai tambaya ba.

Ɗan Kawu na uku ya ara mana jirgi. Aka riƙo hannun dattijo aka shigar da shi, ya zauna kusa da inji ya ɗora tafinsa a kan hular. Lokacin baƙin ruwa ne, wanda ke isowa da hunturu daga duwatsun Gini bayan ya yi watanni a hanya, ruwan ya cika ya kwanta. Ja biyu ya tashi. Muka bar gaɓa, na ɗan murɗa hannu, gaban jirgin ya ɗaga, iska ta cire mini hula ta jefa a ruwa ban ko waiwaya ba. Mun yi kamar minti ashirin muna gangarawa, muna wuce masu jefa birgi suna ɗago kai suna kallon wannan baƙuwar ƙara, sai muka ji ƙum a ƙarƙashi. Injin ya yi ihu, jirgin ya daina tafiya. Na yi sauri na kashe, gabana yana faɗuwa, ina tunanin haƙorin giyar nan da ya ɓantare.

Dattijo bai ko motsa ba. Ya ce, "Kututture ne. Fil ya karye, aikinsa ya yi. Ka zo da wani?"

Guda ɗaya aka aiko mini daga Ingila, shi ne wanda ya karye. Ɗan Kawu ya laluba ƙarƙashin katakon da yake zaune, ya jawo wani gwangwanin madara mai tsatsa, ya zazzage a tafin hannunsa: ƙusoshi ne yankakku, guda biyar ko shida. Muka ɗaga ƙafar injin sama, ya miƙo mini filaya. Dattijo ya sa yatsu yana shafa ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wadda ta fi laushi ya ba ni, ya ce in mun tashi in bi ta gabas da waccan ciyawar, kuma kada in buɗe masa wuta sosai.